Daga Tudun Inugu Zuwa Bakin Ruwa

Duk wanda ya taɓa bin tirelar shanu daga Potiskum, ko ta albasa daga Aliero, ya kwana biyu ko uku a bisa hanya, ya wuce Akwanga da Lafiya, ya haye Binuwai a Makurɗi, ya bar Otukpo da Obollo-Afor a bayansa, to lalle ya san wata mararraba da ke dab da birnin Inugu, wadda ake kira Ninth Mile saboda mil 9 ne tsakaninta da gari, inda direba kan tsaya ya duba tayoyi, yaran mota su ta da sanuwar da ta kwanta, a yi alwala a rama abin da ya kuɓuce na salla, sa'an nan kowa ya kama gabansa, wani ya yi yamma ya nufi Anacha da ke gaɓar Kwara, wani ya gangara ta gefen Inugu ya miƙe kudu sai Fatakwal. A wannan mararraba ce na fara fahimtar cewa zangunan Hausawa na waɗannan garuruwa uku, waɗanda mu a gida muke haɗa su a kalma guda mu ce Kurmi, 'ya'yan hanya ne, ita ta haife su, ita ke shayar da su, in kuwa ta yi ciwo su ne farkon masu kwanciya.

Inugu gari ne na tudu, sunansa ma a harshen Ibo kan dutse yake nufi, ba shi da kogin da jirgi zai bi, balle teku. Saboda haka tun ran da aka kafa shi yake da bukatar ƙofa zuwa ruwa, Allah kuwa ya hore masa ƙofofi biyu: ta yamma ita ce Anacha, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai, ta kudu ita ce Fatakwal, wadda nisanta ya ninka wannan har da ɗori. Anacha bakin kogi ce, Fatakwal kuwa tana kan ruwan Bonny mai zurfi, wanda manyan jiragen teku ke iya kutsowa cikinsa su yi lodi. Wannan bambanci na zurfin ruwa, da mutum zai ɗauka ƙaramin abu ne, shi ya hukunta rabon garuruwan nan biyu fiye da shekara ɗari.

Asalin al'amarin kwal ne. A shekarar 1909 wani Bature masanin ma'adinai mai suna Albert Kitson ya gano gawayin ƙasa a duwatsun Udi, a lokacin da jiragen ƙasa da na ruwa na Turawa ba su da abincin da ya wuce shi, kuma daga Ingila ake ɗauko musu shi da tsada. Da hukuma ta tabbatar da yawansa, sai mas'alar ta koma ta yadda za a kai shi bakin ruwa. Aka yi ta bincike a cikin fadamun kudu har aka dace da wata gaɓa mai tudu a ƙasar mutanen Diobu, aka fara gina tashar jiragen ruwa, Gwamna Lugga ya raɗa mata sunan Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mallaka na lokacin, a 1913, sunan da bakin Bahaushe ya sassaƙe ya mai da shi Fatakwal. Daga nan aka shimfiɗa layin dogo mai tsawon mil 151, watau kilomita 243, ya ratsa Aba da Umuahia, ya isa ramukan kwal a 1916. Inugu da Fatakwal ke nan tagwaye ne da reluwe ta haifa, ɗaya na haƙo, ɗaya na lodi, babu wanda zai yi ma'ana ba tare da ɗan'uwansa ba. Inugu, garin da ya fara a matsayin sansanin lebura, bai jima ba ya zama mazaunin mulkin lardunan Kudu a 1929, daga bisani ya zama hedkwatar Jihar Gabas, a nan ne kuma aka harbe mahaƙa 21 a ramin Iva ranar 18 ga Nuwamba 1949, abin da ya ƙara wa neman mulkin kai wuta a ƙasa baki ɗaya.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne cewa dogon bai tsaya a Inugu ba. Ya miƙe arewa ya taɓa Makurɗi a 1924, ya haɗu da layin Kaduna ta Kafancan a 1927, kuma kafin a buɗe gadar Binuwai a 1932 a kan jirgin fito ake ɗora taragai a tsallakar da su. Wanda bai san wahalar kora shanu a ƙasa zuwa Kurmi ba, ba zai san girman wannan ni'ima ba, domin a da sai garke ya yi makonni yana tafe cikin dajin tsando, sammore ta kama wasu, ƙishirwa da gajiya su cinye kitsen sauran, har a isa kasuwa da abin da bai fi fata da ƙashi ba. Da tarago ya zo kuwa, sai sa ya bar Arewa da tozonsa ya sauka da tozonsa. Ta haka Umuahia ta zama babbar karar shanu ta Gabas, ta haka kuma kusan kowace tasha ta yi garkinta, aka sami fatoma mai saukar da baƙi ya tsaya musu a ciniki, da dillali mai cin la'ada, da Sarkin Fawa, da limami, da mai shayi, da almajiri da allonsa, har mutanen gari suka riƙa kiran irin wannan unguwa Ama Hausa, watau dandalin Hausawa. Cikin waɗanda fataucin shanu ya kai Inugu akwai Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato, wanda ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dakta Azikiwe, mutanen gari suka yarda da shi har ya zama Magajin Garin Inugu na farko. Ina ganin ya kamata a riƙa karanta wa yaranmu wannan labari a makaranta, a Arewa da Gabas duka, domin hujja ce a kan cewa baƙon da ya riƙe amana yana iya zama ɗan gari.

Labarin Anacha dabam ne, ya kuma girmi wannan. Tun kafin a san da kwal, kwale-kwalen Nufawa da na Igala suna gangarowa daga Lakwaja da Ida da kanwa da tufafi da dawakai, su koma da manja da kayan Turawa, Hausawa kuwa suna cikin ayarin. A 1857 ne 'yan mishan na su Samuel Ajayi Crowther da 'yan kasuwar Ingila suka kafa sansani a bakin kwatar, daga baya Kamfanin Neja ya yi mazauninsa a Asaba, tsallaken kogi. Har yau sunayen titunan tsohuwar unguwar bakin ruwa suna ba da shaida, ga Titin Bida inda babban masallaci yake, ga Titin Sakkwato. Haka nan a ƙasar Ikwerre, kafin a sa harsashin Fatakwal, maharba giwa daga Arewa sun riga sun yi zango a Elele. Amma Anacha, duk da kasuwarta da ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ba ta taɓa ganin layin dogo ba, ko na kamu ɗaya. Dogaronta ga kogi ne da mota, shi ya sa gadar Kwara da aka kammala a ƙarshen 1965 ta zama mata kamar maƙogwaro.

Ba a daɗe da buɗe gadar ba fitina ta auku. Taragan da suka saba kawo shanu da gyaɗa su ne a 1966 suka kwaso 'yan ƙabilar Ibo daga garuruwan Arewa cikin halin da ba mai imanin da zai so ya sake gani, su ne kuma suka kwashe 'yan Arewa daga zangunan Gabas, kowa ya bar abin da ya tara. Da yaƙin basasa ya ɓarke, Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya a Oktoba 1967, Anacha a Maris 1968, Fatakwal a Mayu na wannan shekara, an karya gadar Kwara, an lalata dogo. Da aka ajiye makamai a Janairu 1970, fatake na cikin waɗanda suka fara komawa, tun toka ba ta huce ba, saboda ciniki ba ya jiran a gama zaman makoki.

Sai dai reluwe ba ta sake komawa yadda take ba. Man da aka haƙo a Oloibiri a 1956 ya riga ya fara kashe kasuwar kwal, injunan jirgi sun koma shan gas, kuɗin fetur na shekarun 1970 kuma aka zuba su a kan manyan tagwayen hanyoyi, ciki har da ta Inugu zuwa Anacha ta Oji da Awka, da ta Inugu zuwa Fatakwal ta Okigwe da Umuahia da Aba. Hanyoyi ne masu kyau a zamaninsu, ba mai musun wannan, amma an ɗora musu nauyin da ba nasu ba. Kayan da tarago talatin ke ja a bisa ƙarfe, yau tirela talatin ke jan su a bisa kwalta, ga tankokin mai da ke fitowa daga Eleme, ga kwantenoni daga tashar Onne, ga siminti, alhali kuwa ƙasar nan ruwan sama yake dukanta wata bakwai ko takwas a shekara, turɓayarta kuma ja ce mai saurin zaizayewa, ta yadda ƙaramin tsagi a gefen titi kan zama kwazazzabo kafin damina ta fita. Zangunan ma sai suka bi hanya suka bar tasha: karar Umuahia ta koma Lokpanta a bakin titin Fatakwal, wata ta tsaya a Ugwuoba, wata a Amansea kusa da Awka, a cikin Inugu kuma ga Gariki da New Artisan, a bakin Fatakwal ga Oyigbo da wuraren ajiye tireloli na Iriebe.

Malamanmu na Malikiyya sun ƙayyade tafiyar da ake yi wa ƙasaru da mil 48, kamar yadda ɗalibin Risala ya sani, hikimar rangwamen kuwa ita ce mashaƙƙar da ke tattare da safara. Tsakanin Inugu da Anacha ya ɗara wannan haddi da kaɗan, mota mai lafiya a hanya mai lafiya ba za ta wuce sa'a ɗaya da rabi ba, har mutum ya ji kamar bai cancanci rangwame ba. Amma na taɓa barin Ninth Mile bayan azahar cikin damina, ban ga fitilun Upper Iweka ta Anacha ba sai da aka yi isha, saboda wata babbar mota ta kafe a laka ta datse hannu guda, duk muka dunƙule a ɗayan. A gabanmu akwai tirelar shanu, na ga yaran da ke kanta suna ta fama da igiya suna ɗaga wani bijimi da ya durƙushe, don sun san in ya jima a ƙasa 'yan'uwansa za su tattake shi, in kuwa ya mutu ba a sa masa wuƙa ba ya zama mushe, uwar kuɗi da riba sun tafi tare. Dabbar nan ta kwana uku a tsaye ba ci ba sha, shari'a kuwa ta hana a ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta. Haka mai tumatir daga Kadawa yake kallon kwandunansa suna tsiyaya, haka mai albasa yake jin warin dukiyarsa tun bai sauke ba. Hasarar nan ba ta tsayawa a kan falke, rabinta manomi ke biya a gida da arhar da ake saya masa, rabi kuma matar Ibo ke biya a kasuwar Ogbete ta Inugu ko ta Mile One ta Fatakwal da tsadar da ake sayar mata. Akwai kuma abin da ya fi dukiya, domin gangaren Ugwu Onyeama da ke mashigar Inugu ya ci rayuka ba adadi, tankar man da ta faɗi a Upper Iweka a Oktoba 2019 kuma wutarta sai da ta kai kasuwar Ochanja.

Bayan ramuka sai shingaye. Ba direban da za ka zauna da shi a tasha ka ambaci hanyar Kurmi bai fara lissafa maka su da yatsu ba: na masu kaki, na masu karɓar harajin jiha, na ƙaramar hukuma, na masu duba lafiyar dabbobi da amfanin gona, na samarin gari da suka gitta gungume da ƙusoshi, kowa da takardarsa, wani ma ba takarda. Shi ya sa mai kaya ke ware kuɗin hanya dabam da kuɗin mota, a canja su ƙanana a ajiye kusa da sitiyari. Haraji na ƙa'ida wanda aka san adadinsa da inda yake shiga, babu mai hankalin da zai ƙi shi, tunda da shi ake gyaran hanyar. Amma wanda ake karɓa sau ashirin a kan kaya ɗaya, shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira maksu, suka kuma tsananta a kansa. Shehu Usmanu ya lissafa cin dukiyar 'yan kasuwa ba bisa haƙƙi ba cikin al'adun sarakunan da ya yi wa inkari a Kitabul Farƙi, Sarkin Musulmi Bello kuma a Usulus Siyasa ya sanya kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji cikin wajiban shugaba. Ba sai mun je wata ƙasa aron wannan ilmi ba. Gaskiya kuma ta wajabta a faɗa cewa ɗan kasuwar Ibo da ya ɗauko kayan gyaran mota daga Nkpor ko magani daga kasuwar bakin gada zai kai Sabon Garin Kano, shi ma irin wannan tatsa yake sha a namu yankin, ga fargabar masu satar mutane a kan hanya.

Mutanen zango suna da wani ma'aunin hanya da injiniya bai sani ba, watau ko za ta fid da mutum da iyalinsa ran da gari ya ɗau zafi. A Fabrairu 2006, da aka yi kashe-kashe a Maiduguri aka mai da martani a Anacha, gadar nan ce dubban 'yan Arewa suka bi da ƙafa zuwa Asaba, wasunsu har yau can suke kwana, su hayo kasuwa da safe su koma da yamma. Tun daga Agusta 2021 kuma, da aka ƙaddamar da zaman gida na ranar Litinin a jihohin Ibo, direbobi suka koyi lissafa tafiyarsu yadda Litinin za ta same su ko dai a Makurɗi ko a cikin gareji, kwana guda ke nan da ya riƙa fita daga kowane mako, shanu na tsaye a mota. A ƙarshen Fabrairu 2021 ma ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsai da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki, nama da albasa suka yi tashin gwauron zabi a can, tumatir ya ruɓe a nan, kowane ɓangare ya gane a aljihunsa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban ga fa'idar a riƙa gwada ƙarfi da abincin talakawa ba, ko daga wane gefe, illa dai wannan mako ya nuna wa wanda bai sani ba yawan rayukan da ke rataye a kan titin nan.

Ba za a ce hukuma ba ta yi kome ba. Gada ta biyu a kan Kwara, mai tsawon kilomita 1.6, wadda aka shekara da shekaru ana alkawarinta, an buɗe ta a Mayu 2023, ta kuwa rage cunkoson bakin gada ƙwarai. Titin Inugu zuwa Anacha an ba kamfanin MTN ya ɗauki nauyin gyaransa a madadin harajin da zai biya, na Fatakwal kuma an yanka shi kashi-kashi an raba wa 'yan kwangila, wasu wuraren sun yi sumul, wasu ana kai, ko da yake a Satumba 2023 wata gada ta rufta a kansa daidai New Artisan, a bakin kasuwar dabbobin da mutanenmu ke ciki. Tashar jiragen ruwa ta Anacha, wadda Shugaba Shagari ya buɗe a 1983, Shugaba Jonathan ya sake buɗe ta bayan gyara a 2012, an kuma yi yashen kogi daga Warri zuwa Baro tun zamanin Shugaba 'Yar'aduwa, amma har yanzu kwantenar ɗan kasuwar Anacha a bayan tirela take zuwa daga Ikko ko Onne, domin Kwara tana cika da kaka ta janye da rani, yashe kuwa aiki ne na kullum.

Inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne dogo. An farfaɗo da jirgin Fatakwal zuwa Inugu a Disamba 2014, mutane suka yi murna, bai yi nisa ba ya sake tsayawa. A Maris 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da sake gina layin gaba ɗayansa, kilomita 1,443 daga Fatakwal har Maiduguri, aka ba kamfanin CCECC na Sin. Sau da yawa in ana zancen wannan aiki a majalisa, wakilan Gabas ne kaɗai ke ta da murya, namu kuwa hankalinsu na kan layin Ikko zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, sai ka ce wannan ba nasu ba ne, alhali shi ne ya ratsa Lafiya da Kafancan da Bauci da Gwambe, shi ne aka ƙarasa da shi Barno a 1964 a zamanin Sardauna da Tafawa Ɓalewa, mafi yawan tsawonsa a ƙasar Arewa yake kwance. Makiyayin Yobe da manomin wake na Gwambe da masuncin Baga ba su da wata ƙofar teku a kan layin dogo da ta fi Fatakwal kusa, ba su da kasuwar da ta fi ta Aba da Anacha yunwar kayansu. Idan sanatan Barno da na Abiya suka zauna a kan tabarma ɗaya a kan wannan mas'ala, maslaha ce ta jama'arsu duka biyu, ba wanda ya yi wa wani alfarma. Ya kamata kuma sarakunan Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal, waɗanda aka fi tunawa da su ran da rikici ya tashi, a riƙa jin ta bakinsu tun ana zana taswira, domin su suka san inda ya dace a yi wurin sauke dabbobi, da mashaya, da makwancin direbobi.

Abin da aka kammala daga wancan dogon alkawari shi ne kilomita 62 tsakanin Fatakwal da Aba, inda jirgi ya fara ɗaukar fasinja a 2024, 'yan kasuwa kuwa suka rungume shi, musamman da yake kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023. Daga Aba zuwa Inugu saura kimanin kilomita 180, tafiyar da lebura suka shimfiɗa da diga da kwando a tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Na tsaya a tsohuwar tashar Inugu wata rana da la'asar, ba nisa da Ogbete, na tarar ciyawa ta rufe wurin da ake sauke shanu a da, wani dattijo mai sayar da goro, wanda a tarago ya fara zuwa garin yana saurayi, ya shimfiɗa buzunsa a inuwar wani tarago da ya yi tsatsa, ya fuskanci alƙibla, ya ta da kabbara.